Bin Sawu a Cikin Kwamfuta: Wa Ya Aiko Ka?

Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, duniya ta wayi gari da wani tashin hankali. Kwamfutoci masu amfani da Windows suka riƙa mutuwa, fuskarsu ta koma shuɗiya. Aka soke tashin dubban jirage, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Amma cikin 'yan sa'o'i aka gano inda matsalar take. Ta yaya? Ta hanyar bin sawu.

Mu fara da tushe. Kowace kwamfuta ko wayar zamani tana da uwar manhaja, kamar Windows ko Android. A tsakiyarta akwai wani sashe da za mu kira cibiya. Ita ke riƙe da makullan komai: ma'ajiya, kyamara, allo da hanyar intanet. Manhajar da ke son buɗe hoto ba ta isa ta ɗauko da kanta ba, sai ta roƙi cibiya.

Duk wanda ya yi makarantar kwana a cikinmu ya san yadda aike ke tafiya. Malam ya aiki siniya, siniya ya aiki ɗan aji uku, shi kuma ya tura ɗan aji ɗaya. Haka aiki yake a kwamfuta. Wani yanki na manhaja ya kira wani, wancan ma ya kira wani. A kowane kira, ana ajiye adireshin inda za a koma idan an gama. Adireshin nan suna hawa kan juna kamar tarin faranti: na ƙarshen ajiyewa shi ne na farkon ɗauka.

Idan abu ya lalace a cibiya, na'ura kan adana hoton wannan tari kafin ta tsaya. Injiniya sai ya karanta daga sama zuwa ƙasa, yana tambayar kowane layi, “Wa ya aiko ka?” A rikicin 2024, sawun ya kai ga fayil mai suna csagent.sys, mallakar CrowdStrike, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka. Daga baya kamfanin ya bayyana cewa manhajarsa ta nemi bayani na 21 alhali guda 20 aka ba ta, sai ta miƙa hannu inda ba hurumin ta ba.

To amma mu yi hattara, domin sawu na iya ruɗin mai gaggawa. Mu ɗauki Linux, cibiyar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, wadda wayoyin Android ke tafiya a kanta. Tana ba kowane aiki lamba, tana kuma riƙe gajeren sunansa na haruffa 15. Sai dai manhaja na iya sauya sunan nan da kanta. Haka kuma idan saƙo ya shigo daga intanet, cibiya kan katse duk wanda ke aiki a lokacin don ta karɓa. Idan matsala ta auku a nan, sunan da zai fito na wanda aka katse ne, ba na mai laifi ba. Wani lokaci ma cibiya kan miƙa aikin ga ma'aikatanta su yi daga baya, sai sawun mai aiken ya ɓace.

Shi ya sa ƙwararren injiniya ba ya yanke hukunci da sunan farko da ya gani. Yakan haɗa sawu da lamba da lokaci, sannan ya yi magana. Idan wayarmu ta tambaye mu ko za mu aika rahoton matsala bayan manhaja ta rufe kanta, irin wannan sawun ne yake ciki, kuma da shi ake gyara.