2.3 Taƙaitaccen Tarihin Hanyar Bakin Ruwan Wikki

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana yadda bakin ruwan Wikki da gaɓar kogin Gaji suka tashi daga turbar maharba suka zama wurin shaƙatawa.

Wikki marmaro ne na ruwan ɗumi a dajin Yankari, cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. Ruwan yana ɓuɓɓugowa ne daga gindin wani dutse, kuma ɗuminsa yana tsayawa a wajen digiri 31, rani da damina. Akan yi wanka a cikinsa tsawon kimanin mita 200, daga nan ya gangara ya faɗa kogin Gaji.

Tun kafin zuwan Turawa mutane sun zauna a wannan daji. Shaidar haka ita ce rijiyoyin Dukkey da kogwannin da aka haƙa a jikin duwatsu da kufan wuraren narka tama. Bayan da garuruwan suka watse, sai maharba suka ci gaba da bin bakin ruwa, domin nan ne mashayar namun daji.

A shekarar 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji, aka kuma buɗe shi ga baƙi a 1962. An gina masauki a kan tudu, aka yi matakala zuwa marmaron, sannan aka fitar da hanyoyin mota a gefen Gaji, inda giwaye da ɓauna da gwanki suke taruwa da rani. Gwamnatin Tarayya ta karɓi gandun a 1991, ta mayar wa Jihar Bauchi a 2006.

Idan aka waiwayi ƙasashen waje, za a ga makamanciyar wannan hanya a Baden-Baden, wani garin ruwan zafi a Jamus. A 1655 ta fara a matsayin turba a bakin kogin Oos. Tsakanin 1850 da 1870 aka ƙawata ta da itatuwa, ta zama wurin shan iska mai tsawon fiye da kilomita 2. Sai dai akwai bambanci. Can garin ne ya rungumi hanyar, mazaunansa suna binta kullum. A Wikki kuwa doka ce ta raba maƙwabta da ita: an hana farauta da kiwo, alhali giwaye sukan fito su yi wa manoma ɓarna.

Daga bayanan da suka gabata za a iya fahimtar cewa ɗorewar wannan hanya ba ta rataya ga yawan baƙi kawai ba. Muddin manomi da makiyayin da ke gefen daji ba su ga amfanin gandun ba, to tsaronsa zai yi wuya, domin kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.