Kalmar Ingilishi "Fan" da Takwarorinta a Hausa: Nazarin Ma'ana da Matsalar Fassara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin ma'anonin kalmar Ingilishi "fan", da sigarta ta "fanning", tare da nuna yadda Hausa ta rarraba waɗannan ma'anoni a tsakanin kalmomi daban-daban. An gina misalan a kan irin Hausar da ake ji a Jikwoyi, wani gari na Gwari da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, wanda ya cika da baƙi bayan da aka mayar da mazaunin Gwamnatin Tarayya Abuja a 1991. A irin wannan wuri Hausa da Ingilishi suna gogayya kullum, don haka kuskuren fassara ba ya wuyar aukuwa.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ta samo asali ne daga "vannus" ta Latin, wato wani kwando da ake shiƙar hatsi da shi. Ke nan ma'anarta ta farko ta noma ce. Daga nan ta yaɗu zuwa duk abin da ake kaɗa iska da shi, sannan zuwa aikin kaɗawar, sannan zuwa siffar abin da ya buɗe kamar wutsiyar ɗawisu. Akwai kuma wata "fan" mai nufin masoyin wasa ko mawaƙi, wadda ta bazu a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Mafi rinjayen ra'ayi shi ne an gutsuro ta daga "fanatic", saboda haka kama ce kawai ta haɗa su, tushensu daban ne.

3.0 Takwarorinta a Hausa

3.1 Sanyaya jiki ko abinci

A nan Hausa tana amfani da fifita. Abin aikin kuwa shi ne mafici, wanda akan saƙa da kaba, a wasu kare-karen harshe kuma a ce muhuci. Ƙirar kalmar irin ta mabuɗi ce da magirbi: ɗafa-goshi ma-, da saiwa, da ɗafa-ƙeya -i. Harafin c da ke ciki t ne da ya ganɗance a gaban wasalin i, shi ya sa yake komowa a jam'i, wato mafitai. A fada kuwa akwai figini, na gashin jimina, wanda yake cikin kayan sarauta. Na'urar lantarki ita ce fanka, wadda ta shigo ta hannun Turawan mulki daga "pankha" ta harshen Hindi, aka mayar da p ta koma f bisa tsarin sautin Hausa.

3.2 Tsabtace hatsi

Bahaushe ba ya fifita gero don ya raba shi da ƙaiƙayi. Yana shiƙa ne, wato ya ɗaga ƙwarya ya zubo hatsin iska ta kwashe ƙaiƙayin, ko kuwa a yi bakace da faifai. Ma'anar da ta zama uwa a Ingilishi, a Hausa tana da kalmominta na kanta.

3.3 Tayar da wuta

A nan kayan aiki ne suke zaɓen aikatau:

(1) Mai gasa masara tana fifita gawayi.
(2) Yaro yana hura wuta da baki.
(3) Maƙeri yana zuga wuta da zugazugi.
(4) Iska ta rura wutar.

Ingilishi zai iya ɗaukar (1) da (4) da kalma guda, amma Hausa ta bambanta su. Fifita aiki ne na hannu, rura kuwa tana nuni ga sakamako, wato wutar ta ƙara ci.

3.4 Bazuwa da goyon baya

Idan aka ce 'yan sanda sun yi "fan out", nufi shi ne sun bazu ko sun watsu cikin unguwa. Masu kallon ƙwallo kuwa magoya baya ne ko masoya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta shafi iska.

4.0 Wuraren Tuntuɓe

Wuri na farko shi ne adon magana. Turawa sukan kwatanta mai ƙara wa rikici ƙarfi da mai yi wa wuta fifita. Mai fassarar da ya ce "yana fifita rikicin" ya kauce, domin mai sauraro zai iya fahimtar cewa ana sanyaya rikicin ne, tun da fifita a Hausa ta fi kusa da sanyi da lallashi. Abin da Bahaushe yake cewa shi ne "yana rura wutar rikici", ko "yana iza wuta", ko "yana zuga su". A labarin rediyo da ya shafi saɓani tsakanin al'ummomi, wannan kuskure yana iya mayar da mai zuga ya zama mai sulhu a kunnen jama'a.

Wuri na biyu yana cikin Hausar kanta. Akwai wata fifita da ta fito daga aikatau fi, 'yar'uwar fifiko, kuma rubutun yau da kullum bai bambanta su ba. Dubi wannan jumla:

(5) Ladi ta fifita ɗanta.

Tana iya nufin ta kaɗa masa iska, tana kuma iya nufin ta ɗaukaka shi. Masu harshen sukan warware wannan ta hanyar ginin jumla:

(6) Ladi ta yi wa ɗanta fifita.
(7) Ladi ta fifita ɗanta a kan 'ya'yan kishiyarta.

A (6) fifita suna ce da ta biyo bayan "yi wa", a (7) kuwa "a kan" ce ta tabbatar da ma'anar fifiko.

5.0 Kammalawa

An ga cewa abin da Ingilishi ya tara a kalma ɗaya, Hausa ta raba shi bisa abin da ake yi wa aikin, da kayan aikin, da kuma sakamakonsa. Don haka bai wadatar ba ƙamus na harsuna biyu ya jera fifita da shiƙa da rura a layi ɗaya. Wajibi ne a ba kowace misalinta a cikin jumla, a kuma raba fifita biyun nan a matsayin kalmomi masu cin gashin kansu, domin ɗalibi da mai fassara su san wadda za su ɗauka.