Alƙali da Rana, Makaɗin Jita da Dare

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, kunne kan sha harsuna tun kafin ido ya gama kallon raƙuma. Dillali na ciniki da Hausa, mai shanu na amsawa da Fulatanci, can gefe Buzu da Bamange na nasu lissafin, wannan da naira, wancan da sefa. Mutumin Gumel, Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ya ganin wannan abin mamaki ne, haka ya taso ya tarar. To, a Yamai akwai wanda ya ɗauki irin wannan cuɗanya ya mayar da ita kiɗa, har ta kai shi Turai da Amurka.

Sunansa Hamadal Issoufou Moumine, amma da Almeida aka fi saninsa. Ya taɓa buga ƙwallon ƙafa, ya yi aikin alƙalanci a kotu, ya kuma koyar da yara a gidan marayu na SOS da ke Yamai. A shekarar 2000 ya kafa ƙungiyar Tal National, shi ne shugaba, shi ne kuma mai riƙe da babbar jita. Sunan ƙungiyar ma ba baƙo ba ne ga mutanen Lautai, wato ƙasar Gumel: Tal wani yankin rairayi ne kusa da Gigime a jihar Diffa, ƙasar Mangawa, dangin waɗanda suka kafa masarautar Gumel.

Tun farko Almeida bai tara 'yan ƙabila ɗaya ba. A cikin yaransa akwai Zabarmawa, Hausawa, Fulani da Buzaye, kuma kowa da abin da ya sha a nono yake zuwa. Sai ka ji waƙa ta fara da jita mai janye-janye irin ta Agadas, kalangu ya shigo ya karɓe zancen, mawaƙi ya ɗauko amshi da Zabarmanci ya sauke da Hausa. A ƙarƙashi kuma gangunan zamani na gudu babu kama hannun yaro. Masu sharhin kiɗa a ƙasashen waje sun jiyo ƙamshin hailaif na Gana da sukus na Kwango a ciki, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma wanda ya saba da molo ko gurmi zai lura da wani abu daban: yatsun Almeida ba sa shafa wayoyin jita gaba ɗaya kamar yadda mawaƙan Turawa kan yi, tsinke su suke ɗaya bayan ɗaya, da sauri, suna maimaita gajeren zubi har ya shiga jiki.

Ba jaz suke kiran kiɗansu ba. Sai dai wanda ya san jaz, kiɗan da baƙaƙen fatar New Orleans suka ƙago a farkon ƙarni na 20, zai ga inda suka haɗa hanya: akwai ginshiƙin da kowa ya riƙe, sannan a sakar wa mutum ɗaya fili ya ƙirƙiri nasa nan take, ya kewaya, ya dawo daidai inda ake jiransa.

Wannan gwaninta ba daga sama ta faɗo ba. A shekarun da suka fi tashe, Tal National kan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kusan awa biyar, ban da bukukuwan aure da na suna. Saboda yawan gayyata, Almeida ya tara makaɗa sama da goma, ta yadda ƙungiyar za ta rabu biyu ta yi wasa a wuri biyu a dare ɗaya. In an fita ƙasashen waje ma, mutum shida kan tafi, saura su tsare gida. Dabara ce ta mai sana'a, kuma ita ce ainihin sirrin cakuɗar. Makaɗin da zai tsaya gaban taron biki inda dangin ango Zabarmawa ne, na amarya Hausawan Maraɗi, dole ya iya tayar da kowane ɓangare daga kujera, in ba haka ba liƙi ya tsaya.

Faifansu na farko, Apokte, ya fito a 2006. Da yake a lokacin samun ɗakin ɗaukar sauti mai kyau a Yamai abu ne mai wuya, a 2008 Almeida ya gayyato wani injiniya daga Chicago, Jamie Carter, da kayan aikinsa, suka ɗauki A-Na Waya. Babu kamfanin rarrabawa, don haka 'yan ƙungiyar da kansu suka riƙa tsayawa a shataletale suna sayar wa masu motoci da babura. A wannan shekarar ce kuma Mdou Moctar, wani gwanin jitar daga Nijar, ya bi akasin hanya: ya tsallako Sakkwato ya ɗauki faifansa Anar da salon waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya.

Ƙofar duniya ta buɗe wa Tal National a 2013, lokacin da kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sai Tantabara a 2018, inda suka jawo Zara Moussa, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi suna a waƙar gambarar zamani a Nijar, da kuma Yonatan Gat, makaɗin jita mazaunin New York.

Ba su ne farau ba. Elhadji Taya ya share fagen kiɗan zamani a Nijar, har aka sa wa makarantar koyon kiɗa ta Yamai sunansa, kuma Sa'adu Bori na Maraɗi da Moussa Poussy sun fitar da Niamey Twice tun 1994. Abin da Almeida ya ƙara shi ne riƙe ƙungiya mai yawan baki shekara da shekaru, a ƙasar da ko wayar jita ta tsinke sai an yi cigiya. A ɓangaren Najeriya na iyaka kuwa, yawancin sababbin waƙoƙi daga fiyano da kwamfuta suke fitowa, mutum ɗaya a ɗaki ya haɗa komai, shi ya sa ganin mutum shida a dandali kowa na gumi da nasa kayan kiɗan ya zama abin marmari a Jigawa da Kano.