Idan gari ya koma tsibiri: abin da ke biyo bayan ambaliya



Duk ƙarshen damana ana turo mana hotuna ta WhatsApp: guguwar teku ta faɗa wa wani tsibiri, ta yaye rufin gidaje, ta tumɓuke itatuwa. Sai mutum ya ce Allah ya kyauta, mu dai ba mu da teku. Gaskiya ne. Amma ranar da gulbi ya cika ya yanke hanya, ƙauyen da ke ƙetare shi ma tsibiri ne: mota ba ta shiga, marar lafiya ba ya fita. Akwai darasi a wurin mutanen tsibiran nan, kuma shi ne: ɗaukewar ruwa ba ita ce ƙarshen masifa ba.

Hadarinmu ne guguwarsu

Kowa ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa ya yi yamma. To, ba a nan yake tsayawa ba. Jerin hadarin da ke ratsa Sahel yakan wuce Mali da Senegal ya faɗa tekun Atalantika. Idan ya tarar da ruwan teku da ɗumi, wajen Agusta da Satumba, wani lokaci sai ya riƙa juyawa yana ƙara ƙarfi har ya zama guguwa. Da yawa daga cikin manyan guguwar da ke afka wa tsibiran Karibiyan, kusa da Amurka, daga nan Afirka suke samo asali.

Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda aka sa wa suna Mariya, da ta faɗa wa tsibirin Fwato Riko ranar 20 ga Satumban 2017. Da farko hukuma ta ce mutum 64 suka mutu. Da aka sake bincike, aka lissafa har da waɗanda suka rasu cikin wata shida da suka biyo baya, sai adadin ya kai 2,975. Yawancinsu ba iska ce ta kashe su ba. Rashin wutar lantarki ne, da rashin ruwa mai tsabta, da yankewar hanyar zuwa asibiti.

Namu ruwan

Ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024, an sheƙa ruwa milimita 150 cikin minti 90 a birnin Maraɗi, wato wajen kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan shekara guda. Aƙalla mutum 15 suka rasu. A damanar 2024, faɗin ƙasar Nijar, kusan mutum 400 ne suka rasa rayukansu, ambaliyar ta shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, don wasu azuzuwan sun lalace, wasu kuma mutane ne ke kwana ciki.

Mu a nan muna da wani abu na daban. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Jibiya, inda akwai madatsar ruwa, sannan ya shigo mana. Ke nan ana iya kwana sama garau a Madarunfa, a wayi gari gulbi ya kawo. A tsakiyar Yulin 2018 ambaliya ta kashe sama da mutum 40 a Jibiya cikin dare ɗaya. Don haka in kuka ji an kwana ana ruwa a can, ku kwashe yara da dabbobi daga bakin gulbi tun kafin ku ga ruwan. Wanda ke da ɗan uwa a Jibiya, ya riƙe lambar wayarsa.

Kwanakin farko: ruwan sha

Ambaliya tana cika salga, ta kwaso ƙazanta ta zuba cikin rijiya. Ruwan yana iya yin garau a ido amma yana ɗauke da cuta. Ba mu manta da damanar 2018 ba, lokacin da kwalara ta kama mutum sama da 3,000 a ƙasar nan, kuma gundumar Madarunfa ce ta fi kowace shan wahala.

Duk rijiyar da ruwan ambaliya ya shiga, kar a sha sai an yashe ta, ma'aikatan lafiya sun sa mata magani. Kafin nan a tafasa ruwa har ya yi ta ɓararraka, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda likita ya nuna. Wanda zawo ya kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana sha ana kan hanyar CSI. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin yini ɗaya, ba ta jiran a ga yadda za a kwana.

Bangon da bai faɗi ba

A ƙasarmu faɗuwar ɗaki tana kashe mutane ƙwarai a lokacin damana. Ginin ƙasa daga gindi yake shan ruwa. Sama yana nan tsaye kamar lafiya lau, ƙasa kuwa ya zama taɓo. Yana iya yin kwana biyu ko uku sannan ya rufta, sau da yawa cikin dare. Maigida, kafin ka mai da iyalinka, duba gindin bango, duba tsaga, duba ko azara ta sauka. In kana shakka, ku kwana a rumfa. Gara sanyi da makoki.

Makonni biyu zuwa uku bayan haka kuma sai sauro. Kowane kududdufi gidan ƙwansa ne. A ɗaura gidan sauro ko da a filin makaranta ake kwana, kuma kar yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 su tsallake maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata-wata a damana.

Rumbu da gona

Hatsin da ya jiƙe a fitar da shi a shanya da wuri. Wanda ya yi funfuna, musamman gyaɗa da masara, guba ne ga mutum da dabba. Sannan a ware iri tun yanzu. Gidan da ya cinye irinsa, ko ya sayar da tunkiyarsa ta ƙarshe a kan araha, ambaliya ta ci shi sau biyu.

Ruwan da ya ɓata kuma yana barin alheri. Inda ya ja baya a fadama da bakin tafki akwai laima da sabuwar ƙasa. Tumatir, albasa, kabeji, dankali da zogale suna iya cike giɓin hatsin da aka rasa, in an shiga aikin rani da wuri.

Ina za a sake gini?

Wannan ita ce tambaya mai wuya, don ba wanda ke son barin kangon ubansa. Amma Maraɗi kanta ta taɓa yin haka. A da garin cikin fadama yake. Ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka tashi aka koma kan tudu, inda birnin yake yau. Inda ruwa ya bi sau ɗaya, zai sake bi. Wanda filinsa ke kan hanyar ruwa ya je wurin maigari da magajin gari a nemi mafita. Wanda zai gina a inda yake, ya ɗaga tushe, in da hali ya sa dutse ko bulon siminti a layukan ƙasa, ya sa indararo mai kai ruwa nesa da bango.

Ga ƴan uwa na nesa

Mun san kuna ƙoƙari, Allah ya saka. Shawara ɗaya: kar a tura komai a makon farko a yi shiru. Lokacin nan hukuma da ƙungiyoyi suna kawo buhu da tabarma. Wahala ta gaske tana zuwa bayan wata biyu ko uku, an daina magana, rumbu ba komai, ga sanyi ya shigo. Ku raba abin da za ku aiko: kashi na abinci da magani, kashi na irin rani, kashi na siminti in damana ta wuce. Ku tambayi sunan tsohuwar da ba ta da ɗa a waje, a sa ta cikin rabo. A gida kuma a tayar da gayya, yau a buga tubalin wane, gobe na wane, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda hanyar garinsu ta yanke ko rijiyarsu ta lalace, ya sanar da gidan rediyo, za mu faɗa a ji. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya jiƙan waɗanda muka rasa.