YADDA AKE CETO TSOHON BABUR IDAN WUTARSA TA ƊAUKE

A garuruwa da yawa na jihohin Arewa, da wuya mutum ya ratsa unguwar tsofaffin ma'aikata bai tarar da babur jingine a zaure ko a bayan ɗaki ba, ƙura ta lulluɓe shi, tayoyinsa sun sace. In an tambayi dalili, amsar da aka fi bayarwa ita ce wuta ta ɗauke, an kai wa makanikai sun canja fulogi, sun wanke kafireta, amma abin ya faskara. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya kwantar da shi wani ɗan baƙin akwati ne wanda bai ɗara akwatin ashana da yawa ba, wanda makanikai ke kira CDI, watau akwatin wuta. Shi ne ke sakin wutar da fulogi ke kunna fetur da ita, kuma in ya mutu babur ba ya tashi ko da za a wuni ana tura shi.

Wannan al'amari ya shafi aljihun mutane da yawa, musamman malaman makarantun karkara, da ma'aikatan gona da na lafiya, da 'yan fansho waɗanda babur shi ne ƙafarsu. Wasu sun sayar da baburansu a kan kilo ga 'yan gwangwan saboda lalacewar abin da za a iya gyarawa da kuɗi kaɗan. Wasu kuma sun sayi sabon akwati har sau biyu ko uku, alhali ciwon ba a can yake ba.

Asalin Waɗannan Babura

Kamar yadda dattawa za su iya tunawa, babur ya yawaita a hannun ƙananan ma'aikata ne bayan ƙarin albashin Udoji, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya tare da ariyas a farkon shekarar 1975. A wannan shekara ce kuma kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da samfurin CG125, wanda aka ƙera musamman domin ƙasashe masu tasowa, inda hanyoyi ba su da kyau kuma ba kowa ne ke kula da juyen mai a kan lokaci ba. Kafin shi akwai ƙaramin babur ɗin nan Super Cub wanda aka fara ƙerawa a 1958, kuma ya zuwa 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Haka kuma Yamaha da Suzuki da Vespa duk sun sami karɓuwa, har ma Honda ya kafa masana'antar haɗa babura a Ota, cikin Jihar Ogun, a 1979.

Bayan da aka karya darajar Naira a 1986, sabon babur na Japan ya fi ƙarfin ma'aikaci, sai kowa ya koma ga riƙe tsohonsa da kyau. Daga baya babura masu araha na Sin da Indiya suka cika kasuwa, kuma da yawa daga cikin na Sin an kwaikwayi injin CG125 ne wajen ƙera su. Sai dai kamfanoni sun daina yin kayan gyara na tsofaffin samfura da dama, shi ya sa samun akwatin wuta na asali ya zama aiki.

Daga Kwantak Zuwa Akwati

Baburan farko ba su da wannan akwati. Abin da suke da shi shi ne kwantak, watau wasu ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa yayin da inji ke juyawa, kuma duk lokacin da suka buɗe sai kwayil ya harba wuta zuwa fulogi. Amfanin kwantak shi ne ido na ganinsa, makaniki na iya goge shi ya saita tazararsa, wadda a baburan Honda da yawa take tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Aibinsa kuwa shi ne yana cinyewa, yana ƙonewa, kuma saitinsa na gocewa kullum.

Domin kawar da wannan wahala ne aka koma ga lantarki. Babur ɗin Kawasaki H1 mai silinda 3, wanda ya fito a 1969, yana cikin na farko da aka sayar wa jama'a ɗauke da CDI. Ya zuwa shekarun 1980 tsarin ya bazu zuwa ƙananan babura. A Ingila ma kamfanoni irin su Lucas da Boyer Bransden sun yi na'urorin lantarki da ake maye gurbin kwantak da su a baburan Triumph da Norton da BSA.

Aikin akwatin ba shi da wuyar fahimta. A cikin maganeto akwai wani naɗin waya wanda ke samar da wuta idan maganaɗisu ya wuce ta gabansa. Wannan wuta takan shiga akwati ta ratsa dayod, wanda ke barin ta wuce ta fuska ɗaya kawai, sa'an nan ta taru a cikin kwandansa har ta kai bolt 200 zuwa 400. Akwai kuma wani ƙaramin naɗi na biyu wanda aikinsa ba da sanarwa ne kurum. Idan fistin ya kusa kaiwa ƙarshen hawansa, sai wannan naɗi ya aika da 'yar wuta kaɗan zuwa wani makunni na lantarki da ake kira SCR. Nan take makunnin zai buɗe, kwandansa ta juye duk abin da ta tara cikin kwayil, shi kuma ya ninka shi zuwa bolt 20,000 ko fiye, wuta ta tsallaka bakin fulogi. A inji mai gudu wannan na faruwa sau dubbai a cikin minti ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa akwatin iri biyu ne. Akwai mai ɗaukar wutarsa kai tsaye daga maganeto, kamar yadda aka bayyana, wanda babur ke tashi da shi ko babu batir. Akwai kuma mai ɗauka daga batir mai bolt 12, ya ɗaga ta da kansa a ciki. A ido suna kama da juna, har soket ɗinsu kan zo ɗaya, amma ba a musanya su.

Abin Da Ke Kashe Shi

Babban abokin gabar akwatin wuta shi ne zafi da girgiza. Shekara da shekaru ana dumama ana hucewa, ana kuma faɗawa ramuka, sai liƙin dalma da ke riƙe da ƙafafun kayan ciki ya tsage. Irin wannan babur yakan tashi lafiya da safe, in ya yi tafiyar 'yan kilomitoci sai ya mutu, in ya huce ya sake tashi. Na biyu shi ne ruwa, wanda ke shiga ta inda wayoyi suka fito, musamman da damina ko a wurin wanki da injin feshi. Na uku shi ne tsufan kwandansa, wadda ƙarfin riƙonta ke raguwa har wutar fulogi ta yi rauni.

Bayan waɗannan akwai ɓarnar da hannun mutum ke yi. Walda a jikin babur ba tare da an zare soket ɗin akwatin ba tana iya ƙona shi nan take. Haka nan buga inji alhali an cire hular fulogi an bar ta tana lilo, domin wutar da ta rasa hanyar fita tana iya cin kwayil ko ta yi wa akwatin lahani. A baburan da ke ɗaukar wuta daga batir kuwa, lalacewar ragileta ko juya kan batir kan hallaka shi.

A Fara Da Bincike

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora wa akwati laifi tun ba a auna komai ba. Ƙwararren mai wayarin yakan bar shi ya zama abin zargi na ƙarshe, domin duk abin da ke kewaye da shi ana iya auna shi da mita, shi kuwa auna shi da mita ba ya ba da cikakken tabbaci.

Da farko a gwada sabon fulogi, a kuma auna hularsa, domin yawancinsu suna da ƙarfin turjiya na kimanin om 5,000 a ciki, kuma sukan ƙone. Na biyu a duba makulli da madannin kashewa. A tsarin da ke ɗaukar wuta daga maganeto, ana kashe inji ne ta hanyar haɗa wata waya da jikin ƙarfen babur, saboda haka in wannan waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ko makulli ya sha ruwa, wuta ba za ta zo ba ko da akwatin sabo ne. A baburan Honda da yawa wannan waya baƙa ce mai ratsin fari, kuma zare ta daga soket kan nuna gaskiya cikin minti ɗaya. Na uku a tabbatar wayar ƙasa, wadda a Honda koriya ce, ta kama ƙarfe sosai babu tsatsa. Na huɗu a auna naɗe-naɗen maganeto da kwayil, a gwada da adadin da kamfani ya rubuta a littafin babur, kuma a auna su da sanyi da kuma bayan sun yi zafi, tun da su ma sukan yanke ne in sun dumama. In duk waɗannan sun fita lafiya, sai a ari akwati mai aiki irinsa sak a gwada. In babur ya tashi, to, a nan ne magana ta tabbata.

Gyaran Kansa

Kamfanoni sun cika akwatin da wani irin ƙaro domin kare shi daga ruwa da girgiza, kuma ba su yi shi da nufin a buɗe ba. Duk da haka ana buɗewa. Wanda ƙaronsa ke da taushi kamar roba ana iya ɓamɓare shi sannu a hankali da tsinke. Mai tauri kuwa sai an riƙa dumama shi da iska mai zafi ana kankarewa kaɗan kaɗan, a wuri mai iska domin hayaƙinsa ba shi da kyau ga ƙirji. Aiki ne na haƙuri wanda ya fi dacewa da mai gyaran rediyo fiye da mai sufana, domin garaje ɗaya kan yanke siraran hanyoyin tagulla da ke kan allon. Kafin a taɓa komai wajibi ne a sauke wutar da ta rage a kwandansa, saboda takan riƙe ta bayan an kashe inji.

In allo ya bayyana, sai a zana yadda kayan suke a takarda, a sabunta duk liƙin da ya tsage, a auna dayod da SCR, a sauya wanda ya mutu. Kwandansa takan kasance tsakanin maikirofarad 1 da 2, kuma dole ne a sa irin mai leda a ciki wadda ke jure bolt 400 ko fiye. Irin mai gwangwani da ake gani a rediyo ba ta dace da wannan aiki ba. Bayan an gwada a jikin babur an ga wuta mai ƙarfi, sai a sake cika akwatin da ƙaro. Wanda ya bar shi a buɗe, damina ɗaya ta ishe shi. Amma akwatunan baya-bayan nan masu ƙwaƙwalwar kwamfuta a ciki, in ita ce ta ƙone, babu gyara sai sauyi.

Hatsarin Sauyi Barkatai

A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna, da Nkwo a Nnewi, ana samun akwatuna masu araha waɗanda ake cewa suna shiga kowane babur. Wasu suna aiki, amma araha ba ta ado. Dalili kuwa shi ne akwatin ba sakin wuta kaɗai yake yi ba, a samfura da yawa shi ne ke tsai da lokacin sakinta, yana gaggauta ta yayin da inji ke ƙara gudu. In aka sa wanda ke saki da wuri fiye da kima, babur zai riƙa dukan ƙafa wajen tayarwa, inji ya yi zafi, a ƙarshe ma fistin na iya hujewa, musamman a injin da ake haɗa wa fetur da mai. In kuma yana makara, ƙarfi zai ragu, shan mai ya ƙaru. Saboda haka duk wanda ya sa baƙon akwati, ya nemi a duba saitin da fitilar auna lokaci, a ga alamar F da ke jikin maganeto ta daidaita da tsagar da aka yi mata.

Kira Ga Hukumomi

Abin da wannan sana'a ke bukata bai wuce mita da ƙarfen liƙi da sanin tushen lantarki ba, kuma duk ana koyar da su a kwalejojin fasaha da manyan makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Zai yi kyau Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, tare da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da ma'aikatun ilmi na jihohi, su shirya gajerun kwasa-kwasai domin makanikan babura, waɗanda yawancinsu sun koyi aiki ne a gaban maigida ba tare da sun taɓa riƙe mita ba. Haka kuma ya kamata Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ta ƙara sa ido a kan jabun kayan gyara da ke shigowa.

Ɗalibai masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kansa, ga fili nan a buɗe, domin akwatin wuta mai sauƙi bai ƙunshi kaya masu yawa ba, kuma ana samunsu a shagunan masu sayar da kayan rediyo. Su kuma masu tsofaffin babura, kafin su kira ɗan gwangwan, ya kamata su nemi mai wayarin da ke da mita, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, su kuma tuna su zare soket ɗin akwatin duk ranar da za a kai babur wurin walda.