Takardar izinin giya da wasanni a Ingila: yadda majalisar gari take yanke hukunci

A biranen ƙasar Ingila, mai wucewa bakin titi yakan ga wata shuɗiyar takarda manne ga ƙofar mashaya ko gidan rawa. Galibin jama'a ba su tsayawa su karanta ta. Amma wanda gidansa yake daura da wurin, in ya san ciwon kansa, tsayawa yake yi, domin takardar nan tana sanar da shi cewa mai wurin ya kai buƙata gaban majalisar gari: yana son a ƙara masa lokacin sayar da giya, ko a yarda ya kawo makaɗa, ko ya faɗaɗa ɗaki. Maƙwabta suna da kwana 28 su rubuta kukansu. In kwanakin suka cika ba wanda ya ce uffan, tilas ne majalisa ta ba da abin da aka roƙa.

Da can ba haka abin yake ba. Tun ƙarni na 16 alƙalan ƙananan kotuna ne suke ba da izinin buɗe mashaya. Lokacin yaƙin duniya na farko gwamnati ta taƙaita lokutan sha don kada aikin ƙera makamai ya samu cikas, kuma ƙa'idar rufewa da wuri ta daɗe bayan yaƙin, har zuwa 2005 yawancin mashayu ƙarfe 11 na dare suke tsai da ciniki. Dokar da aka zartar a 2003, wadda ta fara aiki ranar 24 ga watan Nuwamba 2005 a Ingila da Wels, ita ce ta karɓe ikon daga hannun alƙalai ta danƙa wa zaɓaɓɓun wakilan gari, wato konseye. Ta kuma haɗa abubuwa da dama cikin lisansi guda: sayar da barasa, kiɗa da rawa da silima, da sayar da abinci mai zafi tsakanin ƙarfe 11 na dare da ƙarfe 5 na asuba.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya lura da shi shi ne, dokar ba ta sakar wa wakilan nan mara ba. Manufofi huɗu kaɗai ta ba su: hana laifi da tarzoma, tsaron lafiyar waɗanda suke cikin wurin, hana damun jama'a, da kare yara daga cuta. Duk hukuncin da bai jingina ga ɗaya daga cikinsu ba, bai da tushe. Wakili ba shi da ikon ya ƙi buƙata don shi bai son giya, ko don yana ganin garin bai buƙatar wata mashaya. Mai wata mashaya da ke tsoron a raba masa ciniki, shi ma kukansa ba hujja ba ne. Ko ɓarnar da giya take yi wa jikin al'umma ba ta cikin lissafin Ingila, alhali Sukotlan, cikin tata dokar ta 2005, ta sa lafiyar jama'a ta zama manufa ta biyar.

Kowace majalisa tana da kwamitin lisansi mai mutum 10 zuwa 15, amma uku daga cikinsu ne suke zama su saurari magana. Ana aika kwafin buƙata ga ƴan sanda, da ma'aikatan kashe gobara, da masu kula da tsabta da hayaniya, da masu kare yara, da sauran hukumomin da doka ta ambata. In ɗayansu ko wani talaka ya kawo ƙorafi mai ma'ana, sai a kira zama cikin kwana 20 na aiki. Sau da yawa kafin ranar ta zo, mai wurin da ƴan sanda sun riga sun daidaita tsakaninsu: ya yarda zai sa kamara da masu gadin ƙofa, su kuma su janye nasu ƙorafi. Sai a bar maƙwabci shi kaɗai.

A nan ne raunin tsarin yake. Mai babbar mashaya yakan zo da lauya wanda ya ƙware ga wannan doka, maƙwabci kuwa da bakinsa ya zo. Zaman ba shari'a ba ne, tattaunawa ce wadda wakilai suke jagoranta, kuma ana ba kowane ɓangare lokaci daidai. Amma wanda ya ce kawai «ana damun mu» bai kai wanda ya rubuta ranaku da lokutan da kiɗa ya hana ɗiyansa barci ba. Wakilai suna iya amincewa, suna iya ƙi, suna iya ba da rabi su hana rabi. Abin da suka fi yi shi ne gindaya sharaɗi: a rufe tagogi in dare ya yi, a sa na'urar da ke kayyade ƙarar kiɗa, kada a zubar da kwalabe cikin dare. Dole su bayyana dalilinsu, kuma wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara gaban ƙaramar kotu.

Tun 2009 akwai gajeriyar hanya don ƙananan canje-canje, kamar gusar da kanta ko gyara wani sharaɗi da ya tsufa. Takardarta fara ce, kwanakin ƙorafi 10 ne na aiki, ma'aikacin biro ne yake yanke magana ba tare da zama ba. Amma ba a bi ta nan a ƙara lokacin sayar da giya.

A 2012 an yi wa dokar gyara mai nauyi. Kafin nan sai wanda yake zaune ko yake sana'a kusa da wurin yake da bakin magana; daga nan kowa yana iya kawo ƙorafi. An kuma ba majalisu ikon ɗora haraji kan masu sayar da giya bayan tsakar dare, kashi 70 cikin 100 aƙalla na abin da ya rage bayan kuɗin aiki ya tafi ga ƴan sanda. Birnin Niwkasil ne ya fara karɓarsa a 2013. A daidai wannan lokaci aka sassauta wa makaɗa: dokar 2012 ta yafe neman izini ga ƙaramin wasa cikin mashaya tsakanin ƙarfe 8 na safe da 11 na dare, a 2015 aka kai iyakar ƴan kallo mutum 500. Inda mashayu suka cunkushe, kamar unguwar Soho a Landan, majalisa tana iya shelanta cewa wurin ya ƙoshi, sai nauyi ya koma kan mai roƙo ya nuna ba zai ƙara wa unguwa wahala ba.

Izinin da aka bayar kuma ana iya sake duba shi. A 2016 samari biyu masu shekara 18 suka mutu bayan sun sha ƙwaya a Fabric, wani shahararren gidan rawa na Landan da aka buɗe a 1999. Ƴan sanda suka nemi a duba lisansinsa, cikin watan Satumba majalisar Izlinton ta soke shi. Mutum sama da dubu 150 suka sa hannu kan takardar neman a bar gidan, masu gidan kuma suka ɗaukaka ƙara. Kafin a shiga shari'a sosai, ɓangarorin biyu suka daidaita cikin watan Nuwamba kan sababbin sharuɗɗa 32, har da binciken takardar shaida da na'ura a bakin ƙofa, da korar duk wanda aka kama da ƙwaya har abada. Alƙali ya amince, gidan ya sake buɗewa a watan Janairu 2017.

Cikin watan Afrilu na 2017, wani kwamitin majalisar dattawan Birtaniya da ya binciki dokar ya soki yadda wasu wakilai suke gudanar da zamansu, musamman ƙarancin horon da ake ba su. Ya ba da shawara a gwada miƙa aikin ga kwamitocin tsara birane, waɗanda suke da ƙwararrun ma'aikata a bayansu. Gwamnati ta amince cewa ana buƙatar ƙarin horo, amma ta ƙi haɗa kwamitocin biyu.