Gem Ɗinka Na Ɗingishi? Kafin A Sayi Sabuwar Kwamfuta, A Gano Inda Ciwon Yake

Idan a gidanku akwai mai buga tsofaffin wasannin kwamfuta irin su Counter-Strike 1.6 ko Age of Empires II tare da abokai, to ka san kukan. Ana tsaka da fafatawa sai hoto ya riƙa tsaitsayawa, wanda kake bi ya ɓace nan ya ɓulla can, kafin ka ankara an gama da kai. Daga nan sai neman mai laifi. Yaro ya ce laftof ta tsufa, a sayo sabuwa. Yayarsa ta ce data ce ba ta isa. Uba kuwa ya tuna farashin laftof a kasuwa yau, ya ce a haƙura da gem ɗin baki ɗaya.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, waɗannan wasannin ba su da ci. Age of Empires II ya fito a 1999, Counter-Strike 1.6 kuma a 2003, zamanin da mutane da yawa ke shiga intanet ta layin tarho. Laftof ɗin da aka ƙera cikin shekara goma da suka wuce, ko da ta hannu ce, ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Saboda haka da wuya a ce rashin ƙarfi ne. Wani abu ne ya tare hanya, kuma wuri biyu kawai za ka same shi: cikin kwamfutar, ko kan layin da ya haɗa ta da sauran 'yan wasa. A ido ciwon biyu kamarsu ɗaya, amma maganin wannan ba ya yi wa wancan komai.

Rarrabe su ba ya cin ko sisi. Kashe intanet, ka buɗe wasan kai kaɗai. A Age of Empires II ka kara da kwamfuta. A Counter-Strike ka buɗe fili babu kowa, ka yi ta zagayawa na kamar minti ashirin. Idan ɗingishin ya biyo ka har nan, laifin na'ura ne. Idan komai ya tafi sumul sai an haɗa da mutane, laifin layi ne.

Masu Counter-Strike suna da ƙarin gata. Danna maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, ka rubuta net_graph 3, wasu lambobi za su fito a ƙasan allo. Wadda aka rubuta wa fps ita ce yawan hotunan da kwamfutar ke zanawa a daƙiƙa ɗaya. Idan ta tsaya cak a 60 ko fiye, na'urarka lafiya lau. Idan tana faɗowa 25 ta koma 60, nan matsalar take. Wadda aka rubuta wa loss kuma tana ƙirga saƙonnin da suka salwanta a hanya, kuma sifili ake so ta nuna.

Idan laifin na'ura ne

Fara da caja. Yawancin laftof suna rage gudun kansu da zarar sun koma kan batir, don kada caji ya ƙare da wuri. Shi ya sa gem ke tafiya daidai, ana ɗauke wuta ya fara rarrafe, mai shi ya ɗora wa sabis laifi. Ka jona caja, ka shiga saitin wuta na Windows ka zaɓi mafi ƙarfin aiki.

Sai zafi, wanda a ganina shi ne babban ɓarawo a ƙasarmu, kuma shi aka fi mantawa da shi. Alamarsa ba ta ɓuya: minti goma na farko lafiya, daga nan fanka ta fara kuka, wasa ya fara cijewa. Idan injin ya ɗau zafi ya kai wani mataki, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Laftof ɗin da ta sha hunturu biyu ko uku ba a buɗe ta ba, ƙura ta riga ta yi dandazo a bakin fanka kamar auduga. Ga kuma ɗabi'ar ɗora ta kan katifa ko filo, wanda ke toshe ramukan iskar da ke ƙasanta. Ka ɗora ta kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta da wani abu, sannan ka kai wa mai gyara ya share fankar ya sauya man da ake shafa wa injin. Kuɗin wannan aiki bai kama ƙafar kuɗin sabuwar laftof ba.

Akwai kuma rashin jituwa tsakanin tsoho da sabo. Wasu laftof suna da na'urar zana hoto biyu, ƙarama ta Intel da babba ta Nvidia ko AMD, kuma sau da yawa Windows ba ya gane tsohon gem, sai ya miƙa shi ga ƙaramar. A saitin Graphics za ka iya tilasta masa amfani da babbar. A Counter-Strike ka tabbata OpenGL aka zaɓa a saitin hoto, ba Software ba. Sannan an rubuta waɗannan wasanni ne lokacin da injin kwamfutar gida ke da ƙwaƙwalwa guda ɗaya tak. Na yanzu suna da huɗu, takwas ko fiye, kuma wasu tsofaffin wasannin rikicewa suke yi. Unreal Tournament na 1999 ya yi suna wajen haka, ya yi gudu ya yi sanyi ba gaira ba dalili. A Task Manager, ƙarƙashin Details, akwai Set affinity inda za ka ɗaure gem ɗin ga ƙwaƙwalwa ɗaya. Hatta linzamin kwamfuta na 'yan gem, mai aika saƙo sau 1,000 a daƙiƙa, yakan shaƙe tsohon wasa. Ka rage shi zuwa 250 ko 125 ka gani. Sai dai ka riƙa sauya abu ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na gaba, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Idan laifin layi ne

Nan ne ake asarar kuɗi a banza, domin mutane suna zaton ƙara data ko sayen babban tsari zai warware matsalar. Gem ba ya buƙatar faffaɗar hanya. Saƙonni ƙanana yake aikawa, amma yana so su isa a kan lokaci kuma a jere. Lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo shi ake kira ping, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ping ɗin da ya tsaya a 130 ana iya wasa da shi, hannu zai saba. Wanda ke tsalle daga 60 zuwa 400 ya dawo shi ne ke sa mutane ɓacewa a allo.

Wani ɓangaren jinkirin ba shi da magani. Wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal ta kai kimanin kilomita 7,000, haske kuma yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin irin wannan waya. Ka lissafa zuwa da dawowa: ping 70 ke nan tun kafin a ƙara nisan Kano ko Sakkwato zuwa Legas, da na Fotugal zuwa Jamus inda sabobi da yawa suke. Don haka ka zaɓi sabar da ta fi nuna ƙaramar lamba, ka bar ta Amurka ko da can aka fi cika.

Sauran jinkirin kuwa a cikin gida ake haifar da shi. Ka duba wa da wa ke kan rauta ko hotspot ɗin. Mutum ɗaya da ke ɗora bidiyon biki a WhatsApp ya isa ya cika hanyar fita, sai saƙonnin gem su shiga layi a bayansa. Windows ma yakan saci hanya ya sauke sabuntawa a ɓoye. Idan ka saita layin a matsayin Metered connection zai rage wannan, datarka ma ta huta. Wayifai da ke ratsa bango biyu ba abin dogaro ba ne. Kebul daga rauta ya fi, idan kuma waya ce ke ba ka intanet, ka haɗa ta da kebul ɗin USB ka ajiye ta kusa da taga. Da daddare, lokacin da duk unguwa ke kan eriya ɗaya, sabis yakan yi nauyi, wannan kuma sai dai a sauya lokaci ko a gwada wani layin.

Age of Empires II na asali yana da tasa al'ada. Babu saba a tsakiya. Kowace kwamfuta tana gudanar da wasan gaba ɗaya, umarnin 'yan wasa kawai ake musaya, kuma ba a wucewa gaba sai na kowa ya iso. Ma'ana, ku takwas kuna tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa rauni. Wasan yakan sa hoton kunkuru kusa da sunan mai jan ƙafa. Idan ba sunanka ba ne, kada ka wahalar da laftof ɗinka, abokinka za a tura wajen mai share fanka.

Ga iyaye musamman: ku sa ido kan manhajojin da ke alƙawarin ƙara wa gem gudu, da kwafin wasa na bulus daga shafukan da ba a san asalinsu ba. A 2019 kamfanin tsaro na Dr.Web ya bankaɗo wata ƙwayar cuta mai suna Belonard da ke yaɗuwa ta gurɓatattun kwafin Counter-Strike 1.6 da sabobin bogi masu nuna ƙaramin ping don jan hankali. Idan laftof ɗin da yaro ke gem ita ce kuke shiga banki da ita, abin ya wuce maganar wasa.

In kuwa abokan wasan duk 'yan unguwa ɗaya ne, ku manta da intanet ɗin ma. Waɗannan wasanni tun asali an yi su ne da tsarin LAN. Tsohuwar rauta ko ƙaramin suwic da 'yan kebul sun isa a haɗa laftof huɗu a zaure ɗaya, ping ya sauko ƙasa da 5, ba a taɓa data ko ta naira ɗaya ba. Idan kwamfutocin suka ƙi ganin juna, ka fara duba Firewall na Windows, ka ba gem ɗin izini, sannan ka tabbata kowa sigar wasan iri ɗaya ya saka.